Tambaya kan tarihin soke dokokin hukunta luwaɗi a ƙasashen duniya

Bazazzagiya_92
Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a karatun lauya, kuma an ba mu aikin rubutu a kan yadda wasu ƙasashe suka cire luwaɗi da maɗigo daga jerin laifuffukan da hukuma ke hukuntawa. Tun kafin a yi mini wata fassara, na san matsayin addininmu a kan lamarin, kuma ba shi nake tambaya ba; tarihin dokokin nake nema. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganganu biyu da nake ji suna karo da juna. Wasu suna cewa Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana dokar da ta haramta, wasu kuma suna cewa Turawan ne suke matsa mana lamba mu soke ta. Shin duka biyun gaskiya ne? Kuma ƙasashen da suka soke, ta majalisa suka bi ko ta kotu?

Barista_Lawal
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kowace daga cikin maganganun biyu tana da ƙamshin gaskiya, amma kuskuren yana wajen haɗa Turawa a kwando ɗaya, domin Faransa da Ingila hanyoyinsu sun rabu tun da daɗewa. A Faransa, hukuncin kisa na ƙarshe a kan wannan laifi an zartar da shi a birnin Paris a 1750, lokacin da aka ƙona mutum biyu. Da juyin juya hali ya zo, majalisar ƙasar ta rubuta sabon kundin hukunta laifuffuka a 1791, ta watsar da laifuffukan da ta ɗauka na coci ne, irin su saɓo da maita, luwaɗi ma ya fita tare da su ba tare da an yi wata doguwar muhawara a kansa ba. Kundin Napoleon na 1810 bai mayar da shi ba, kuma duk inda tasirin wannan kundi ya kai sai shirun ya bi shi: Holand a 1811, Brazil a 1830, Italiya a 1889.

Ingila kuwa ta ɗauki akasin haka. Sarki Henry na Takwas ne ya karɓe laifin daga hannun kotunan coci a 1533 ya mayar da shi na hukuma, hukuncinsa rataya. Mutum biyu na ƙarshe da aka rataye a kan wannan laifi a Landan a 1835 ne, an cire hukuncin kisa a 1861, amma a 1885 sai aka ƙara faɗaɗa dokar ta haɗa da kowace irin mu'amala ta sha'awa tsakanin maza, ko da a ɓoye ne. Ba a sassauta ba sai 1967. Kin ga tsakanin Faransa da Ingila akwai tazarar shekara 176, kuma a cikin wannan tazara ne ƙasashen biyu suka raba Afirka, kowace ta tafi da kundinta.

Malam_Abu_Sumayya
Barista, Allah ya ƙara sani, amma akwai gyara da ya wajaba a yi tun ba a yi nisa ba. Cewa Bature ne ya kawo haramcin luwaɗi ƙasar Hausa magana ce da ba ta da tushe. Ɗaruruwan shekaru kafin Lugga ya tako Sakkwato a 1903, malamanmu suna karantar da hukuncinsa a littattafan fiƙihun Malikiyya, kuma alƙalai sun san shi. Wataƙila wannan da'awa ta dace da wasu al'ummomi da ba su da rubutacciyar doka a kansa kafin mulkin mallaka, amma ba ta dace da mu ba, kuma ina roƙon ɗalibarmu kada ta kwafe ta daga rubuce-rubucen waje ta ɗora mana.

Barista_Lawal
Na yarda da kai ɗari bisa ɗari, Malam, kuma ban ce Bature ya kawo haramcin ba. Abin da ya kawo shi ne lafazin dokar da kotunan gwamnati ke aiki da shi. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinta daga kundin Sudan, shi kuma an ɗauko shi daga kundin Indiya na 1860 wanda Baturen Ingila Macaulay ya jagoranci tsarawa. Sashe na 377 na Indiya shi ne kakan sashe na 284 namu, har ma da kalmomin nan na saduwa wadda ta saɓa wa ɗabi'a. Kudancin Najeriya kuma kundinsa ya samo asali daga na Queensland a Ostareliya na 1899, sashe na 214, kuma duka biyun sun tanadi ɗaurin shekara 14. Waɗannan gadon Ingila ne. Amma dokokin shari'a da jihohi 12 suka kafa bayan da Zamfara ta buɗe hanya a 1999, da dokar hana auren jinsi da Shugaba Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014, waɗannan aikin 'yan ƙasa ne, babu wanda zai jingina su ga mulkin mallaka.

Ɗan_Maraɗi
Ina so in kawo shaida daga ɗaya gefen iyaka. Mu da Faransa ta mallaka mun gaji kundin da bai ambaci wannan laifi tsakanin manya ba, don haka Nijar da Mali da Burkina Faso da Kwaddibuwa sun shafe shekaru da yawa bayan samun 'yancin kai ba tare da sashe irin naku na 284 ba. Amma duk wanda ya zauna a Maraɗi ya kuma zauna a Katsina ya san cewa ra'ayin jama'a a kan lamarin iri ɗaya ne, limamai huɗubarsu ɗaya, iyaye tarbiyyarsu ɗaya. Saboda haka idan kika ga taswirar da ake yaɗawa a intanet, an shafa wa wata ƙasa launin da ke nuna babu hukunci, kada ki ɗauka al'ummar ce ta zauna ta amince; sau da yawa alƙalamin wani Bafaranshe ne na 1810 ya bar gurbin. Kuma gurbin yana ta cikewa: Kamaru ta sa hukunci a 1972 zamanin Ahmadu Ahidjo, Chadi a 2017, Mali a 2024, Burkina Faso a 2025.

Bazazzagiya_92
Na gode ƙwarai, wannan ya warware mini rabin matsalar. To amma na karanta cewa Daular Usmaniyya ta soke hukuncin tun 1858, fiye da shekara ɗari kafin Ingila. Yaya daular Musulunci za ta yi haka?

Bakatsine_Na_Asali
Subhanallah. Wace Daular Usmaniyya kike nufi, 'yar uwa? A 1858 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne a kan gado, kuma babu wani abu mai kama da haka da ya faru a ƙasar nan.

Dakta_Maryam
Malam Bakatsine, hankalinka ya kwanta, ta Turkiyya take nufi, mai hedikwata a Istanbul, sunan ne ya zo ɗaya da ta Shehu. Game da tambayar kuwa, gaskiya ne cewa a zamanin gyare-gyaren da ake kira Tanzimat daular ta kafa sabon kundin hukunci a 1858, wanda ta gina a kan na Faransa, kuma bai tanadi hukunci ga manya da suka aikata a ɓoye ba, ko da yake ya hukunta fyaɗe da lalata yara da rashin kunya a bainar jama'a. Sai dai masana tarihi sun yi saɓani a kan ko ya dace a kira wannan sokewa, tunda ba wai malaman daular sun zauna sun sauya fatawa ba ne. An dai aro tsarin kundin Turai ne domin gyaran mulki.

Akwai darasi na biyu da zai amfane ki a rubutunki, 'yata. Jodan ba ta da wannan laifi a kundinta tun 1951, Masar ma ba ta da sashen da ya ambace shi da suna, amma a Masar ana kama mutane ana ɗaure su da wata doka ta 1961 da aka yi domin yaƙi da karuwanci da fajirci. Wanda ya tsaya a kan abin da ke rubuce kawai, bai duba abin da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara suke yi ba, zai fito da sakamako gurgu.

Malam_Abu_Sumayya
Tunda Dakta ta taɓo malaman Istanbul, bari in ƙara haske. Su Hanafawa ne, kuma an san Imam Abu Hanifa ya tafi a kan cewa hukuncin luwaɗi ta'aziri ne wanda shugaba ke ƙayyadewa, saɓanin Imam Malik da ya ce haddi ne. Ko a mazhabarmu ma ba a tabbatar da shi sai da iƙirari ko shaidu huɗu adilai da suka gani da idonsu, kuma Alƙur'ani ya hana bin diddigin asirin mutane. Wannan ya sa zartar da haddin ya yi ƙaranci a tarihin Musulunci. Amma tsananta sharaɗin shaida daban, goge laifin daga doka daban. Ni ban goyi bayan gogewa ba, domin doka tana koyar da jama'a abin da al'umma ta ƙi ko da ba a kama kowa da ita ba.

Injiniya_Kabiru_Leeds
Malam, wannan hujja taka ta ƙarshe ita ce ainihin abin da aka yi ta jayayya a kai a Ingila, kuma ina ganin ɗalibarmu za ta so ta ji. Bayan yaƙin duniya na biyu kame ya yi yawa, har ya kai ga Alan Turing, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus, wanda kotu ta samu da laifi a 1952 aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar kashe sha'awa. Ya mutu a 1954, Sarauniya ta yi masa afuwa a 2013. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin John Wolfenden, wanda a 1957 ya ba da shawarar cewa abin da manya biyu suka yi a ɓoye da yardarsu ba hurumin dokar laifi ba ne. Kwamitin bai ce aikin abu ne mai kyau ba, cewa ya yi zunubi da laifin hukuma ba lallai su zama abu ɗaya ba. Wani babban alƙali, Lord Devlin, ya mayar da martani cewa al'ummar da ta bar ɗabi'unta na tarayya suka rushe ita ma za ta rushe, don haka doka tana da ikon tsare su, shi kuma Farfesa Hart na Oxford ya ce ƙyamar da mafi rinjaye ke ji ba ta isa dalilin ɗaure mutum ba matuƙar bai cutar da wani ba. Sai da aka shekara goma kafin majalisa ta amince a 1967, kuma da sharuɗɗa masu tsauri: Ingila da Wales kaɗai, mutum biyu kaɗai, a keɓe, kowannensu ya kai shekara 21. Scotland ta biyo baya a 1980, Ireland ta Arewa kuma sai da wani mutum mai suna Dudgeon ya yi nasara a kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 1981 sannan aka sauya dokar a 1982.

Dakta_Maryam
Kada kuma a ɗauka tafiyar gaba kawai take yi. Rasha ta watsar da dokar zamanin sarakuna bayan juyin 1917, kundin 1922 bai ambaci laifin ba, sai Stalin ya dawo da shi a 1934 da ɗaurin da ya kai shekara biyar, aka sake sokewa a 1993, sannan a 2013 aka kafa dokar hana yaɗa farfagandarsa ga yara. Jamus ta kafa sashe na 175 mai hukunta luwaɗi a 1871, gwamnatin Hitler ta tsananta shi a 1935, aka ɗaure maza kimanin 50,000, dubbai daga cikinsu aka tura su sansanonin gwale-gwale inda da yawa suka mutu. Abin da ya fi taɓa ni a wannan tarihi shi ne bayan faɗuwar Hitler Jamus ta Yamma ta ci gaba da aiki da lafazin 1935 ɗin har 1969, ba a goge sashen gaba ɗaya ba sai 1994, kuma sai 2017 aka wanke waɗanda aka ɗaure bayan yaƙi.

Likita_Sadiya
Ina karatun likita a kudancin Indiya ranar 6 ga Satumba 2018, lokacin da alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka yanke cewa sashe na 377 ba zai ƙara aiki a kan manya masu yarda da juna ba. Abin da na lura da shi a asibitin da muke koyon aiki shi ne ma'aikatan sashen yaƙi da cutar ƙanjamau sun fi kowa maraba da hukuncin, domin sun daɗe suna kukan cewa tsoron kamu yana hana mutane zuwa gwaji da karɓar magani, su kuma je su ɗauki cutar su kai wa matan aurensu. Ƙungiyar da ta fara shigar da ƙarar ma, Naz Foundation, aikinta ke nan. Babbar kotun Delhi ta ba ta gaskiya a 2009, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin a 2013 ta ce aikin majalisa ne, sannan ta dawo ta warware nata hukuncin bayan shekara biyar. Abokan karatuna Musulmi da Hindu da yawa ba su ji daɗi ba, kuma sun faɗa a fili.

Alhaji_Zango_Kumasi
Ni dai ɓangare na biyu na tambayar nake so kada a manta, wato matsin lamba. A 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya ce za a iya rage tallafi ga ƙasashen da ke da waɗannan dokoki, marigayi Shugaba Atta Mills ya mayar masa da amsa cewa Ghana ba za ta karɓi wannan sharaɗi ba, kuma na tuna yadda masallatai da coci-coci suka haɗu a bayansa. A 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sabbin basussuka ga Uganda saboda sabuwar dokarta ta hukunta luwaɗi. Ƙasar da ta rubuta mana doka da hannunta, har Firaministarta Theresa May ta fito a 2018 ta ce tana nadamar hakan, ita ce kuma take yi mana barazana da abinci idan ba mu goge ba. A ganina wannan salo ya ƙara wa mutane taurin kai, kuma waɗanda aka ce ana karewa su suka fi shan wahalarsa. Kotun Ƙolin Ghana ta tabbatar da tsohon sashen namu na 1960 a shekarar 2024.

Barista_Lawal
Alhaji, ranka ya daɗe, matsin lambar gaskiya ne, amma ba shi ne ya bayyana kowace sokewa a Afirka ba. Afirka ta Kudu ta sa hana wariya a kan wannan a kundin tsarin mulkinta na 1996, kotun tsarin mulki ta soke laifin a 1998, kuma hakan ya fito ne daga ƙyamar da suka yi wa duk wata wariya bayan abin da suka sha. Mozambik a 2015 da Angola a 2021 sun yi ne a cikin sabunta tsohon kundin Fotugal na 1886, majalisa ta bar sashen ya faɗi. A Botswana alƙalan ƙasar ne suka soke a 2019, gwamnati ta ɗaukaka ƙara ta sha kaye a 2021. Morishiyos ta bi a 2023, Namibiya a 2024. A shekarar da Botswana ta soke kuma babbar kotun Kenya ta ƙi sokewa, alhali asalin sassan nasu ɗaya ne. Singafo ma abin dubawa ce, domin a 2022 majalisarta ta soke sashe na 377A, a zama ɗaya kuma ta gyara kundin tsarin mulki yadda kotu ba za ta taɓa ma'anar aure tsakanin namiji da mace ba.

Hajiya_Uwar_Marayu
Ku gafarce ni, ni ba 'yar boko ba ce sosai, amma uwa ce. Abin da ke hana ni barci shi ne yaranmu maza da ake lalatawa a makarantun kwana da unguwanni, iyaye su rufe saboda kunya. Idan aka soke irin wannan doka, wa zai kare su?

Barista_Lawal
Hajiya, tambayarki tana kan hanya. A duk ƙasashen da aka lissafa a sama, abin da aka cire shi ne hukunci a kan manya masu yarda da juna. Fyaɗe da taɓa yaro sun ci gaba da zama manyan laifuffuka, a Indiya ma akwai doka ta musamman ta 2012 domin kare yara maza da mata. Zan kuma faɗi abin da na gani a aikina. Na taɓa tsaya wa wani matashi da abokin kasuwancinsa ya yi masa wannan ƙazafi saboda rikicin bashi, kafin a kai ga kotu jama'a sun yi masa dukan da ya karya masa haƙarƙari, daga baya aka sallame shi saboda babu shaida ko ɗaya, amma har yau bai iya komawa unguwarsu ba. Na kuma ga shari'ar yaro ɗan shekara tara da aka lalata, iyayensa suka janye ƙara saboda tsoron a riƙa kiran ɗansu da sunan da ba laifinsa ba. Haɗa waɗannan abubuwa biyu a ƙarƙashin kalma ɗaya yana cutar da yaran da kike magana a kansu.

Malam_Abu_Sumayya
Wanda ya yi ƙazafin nan, a shari'a shi ne ya cancanci bulala tamanin, waɗanda suka yi dukan kuma azzalumai ne, babu malamin kirki da zai halatta ɗaukar doka a hannu. Amma wannan hujja ce ta gyara yadda ake aiki da doka, Barista, ban ga ta zama hujjar soke ta ba.

Injiniya_Kabiru_Leeds
Domin cika amsar majalisa ko kotu: Amurka ta bi duka biyun. Jihar Illinois ta fara sokewa ta majalisa a farkon shekarun 1960, Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar jihar Jojiya a 1986, sannan ta juya a 2003 a shari'ar Lawrence da jihar Texas, alƙalai shida suka rinjayi uku. A Trinidad da Tobago kuwa babbar kotu ta soke a 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da laifin a 2025. Har yanzu ƙasashe sama da 60 suna hukuntawa, kusan rabinsu a Afirka.

Bazazzagiya_92
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan raba rubutun gida uku: ƙasashen da laifin ya fita a cikin sabunta kundi ba tare da muhawara ba, waɗanda majalisa ta yi muhawara ta soke, da waɗanda kotu ta soke, sannan in ware babi ga waɗanda suka dawo da shi ko suka ƙirƙire shi daga baya. Gyaran Malam game da fiƙihu kafin zuwan Turawa zai shiga gabatarwa. Abin da ya rage mini shi ne Sudan, tunda daga can Final Kod ɗinmu ta fito. Akwai wanda ya san halin da dokarsu take ciki?

Bahaushen_Sinnar
'Yar uwa, Sudan ba za ta shiga ko ɗaya daga cikin gidajenki uku ba. Kundin 1991 na zamanin Bashir, sashe na 148, ya tanadi bulala ɗari da ɗauri, wanda aka samu da laifin karo na uku kuma kisa ko ɗaurin rai da rai. A Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta cire bulalar da kisan, ta bar ɗaurin, har da na rai da rai a karo na uku. Sai ki buɗe gida na huɗu domin ƙasashen da suka rage hukuncin amma suka bar laifin, kamar yadda Ingila ta yi a 1861.